Me za mu rubuta a ƙarƙashin hoton Mama?

Talatu (Auta): Salama gare ku duka. Saura sati uku Mama ta cika shekara ɗaya da barinmu, kuma ni aka ɗora wa haɗa ɗan littafin da za a raba a Misar tunawa. Na gama zaɓen hotuna, na sa karatun da Fada ya amince da su. Layi ɗaya ne ya tsayar da ni. Yaya Danladi ya turo mini a rubuta a ƙarƙashin hotonta na farko: "Uwa, mai riƙon gida, baiwar Allah." Babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Amma shekaranjiya ina kwashe kayan ɗakinta, sai na ci karo da littattafan rubutu guda 11 a ƙasan akwati, an ɗaure su da tsohon ɗankwali. Kowane shafi cike yake da alamun sautin waƙa, d r m f s, da rubutun hannunta, kalmomin waƙa a ƙasa, wani wurin ta goge har takarda ta huje. Na zauna a ƙasa ina juya su har magariba ta yi ban kunna fitila ba. Tun lokacin nake jin in muka bar layin nan haka, akwai abin da muka binne tare da ita. Ina so a ƙara "makaɗiya". Yaya ya ce a'a. Na kawo maganar nan don ku da kuka san ta ku sa baki.

Danladi: Auta, tunda kin kawo ta fili, bari in faɗi dalilina a fili. Ni ba na musun Mama ta iya kiɗa, a kansa na girma. Amma kalmar "makaɗiya" a kunnen Bahaushe tana da abin da take jawowa. Wanda bai san ta ba zai ɗauka zabiya ce mai bin biki ana mata liƙi. Mama ba ta taɓa karɓar ko sisi a kan kiɗanta ba. Na biyu, ita da kanta in aka tambaye ta aikinta, cewa take "ina gida da yara". Abin da ta kira kanta da shi na rubuta.

Ladi: Yaya, ta kira kanta haka ne don haka aka koya wa matan zamaninsu su amsa. Ka tambayi Baba aikinsa lokacin yana raye, zai lissafa maka har muƙamin da ya riƙe na wata shida. Mace ta yi shekara 41 tana zama gaban hamoniyom, abin kiɗan majami'a, kowace Lahadi, kowace jana'iza, kowane ɗaurin aure, a ce ba za a rubuta ba don kada baƙo ya yi mummunar fahimta? Baƙon ya tambaya a faɗa masa.

Maman Biyu: Allah ya ba Mama hutawa ta har abada, haske madawwami ya haskaka mata. Ita ta yi kiɗa a aurena. Ni dai duk abin da kuka rubuta ina tare da ku.

Baba Katikis: 'Ya'yana, sannunku da hidima. Na karanta maganar kowa. Ina so in ba ku wani abu da yawancinku ba ku gani ba, domin an haife ku ne bayan ƙura ta lafa.

Lokacin da mahaifiyarku take 'yar makaranta a hannun Sistoci, Misa da Latin ake yin ta. Fada yana fuskantar bagadi, yaro mai hidima yana amsa masa, jama'a suna jan Rozarinsu, wato tasbahar addu'a, a hankali. A wannan yanayin ta koyi kiɗa, kuma waƙoƙin Latin ta fara iyawa. Sai Fafaroma Yohanna na 23 ya buɗe Babban Taron Batikan na Biyu a watan Oktoba na 1962, aka rufe shi a Disamba 1965 a hannun Fafaroma Bulus na 6. Takarda kan ibada tana cikin na farkon da suka fito, ranar 4 ga Disamba 1963. A ciki aka buɗe ƙofa ga harsunan jama'a, aka kuma ce al'ummomin da ke da nasu salon kiɗa a ba shi muhimmancin da ya dace. Sabon tsarin Misa ya fara aiki a ƙarshen 1969.

To, a takarda abin ya yi daɗi. A majami'a kuwa, ranar Lahadi ta zo, an ce a yi waƙa da harshenmu, waƙar tana ina? Wasu an fassara, wasu an aro, amma da yawa sai wani ya zauna ya daidaita kalma da murya. Mutane irin mahaifiyarku ne suka yi wannan aikin, a teburin cin abinci, bayan yara sun yi barci. Littattafan da Talatu ta gani, ni na san su. Na sha zuwa in tarar da ita da fensir a baki, goyo a baya.

Talatu (Auta): Baba, na gode. Akwai shafin da ta rubuta kalma ɗaya sau huɗu, kowace da nata sautin, ta soke uku. Ban gane me take nema ba.

Malam Tanko: Ni zan iya amsa wannan, don a kaina ta koya mini shi. Hausa harshe ne mai hawa da sauka. Ki ce "kuka" muryarki a sama duka, hawaye ne. Ki ɗaga ta farko ki sauke ta biyu, itace ne. Waƙoƙin da aka kawo daga Turai an tsara muryarsu ne a kan kalmomin wani harshe, saboda haka in ka ɗora Hausa a kai kai tsaye, murya takan sauka inda kalma take son hawa. Wata rana muna gwaji, muna rera "muna kuka gare ka", sai ta ɗaga hannu daga kan kiɗan ta ce, "Tanko, itace kuke miƙa wa Ubangiji?" Ta sa muka tsaya. Ta canja sauti ɗaya tak a muryar sama, ta gyara muryar tsakiya ta bi shi, shi ke nan maganar ta zauna. Shafin da kika gani irin wannan ne. Tana neman inda waƙa ba za ta karya magana ba.

Ni yanzu shekarata 18 ina jagorantar mawaƙa, kuma har yau in na rubuta sabuwar waƙa sai na karanta kalmomin da baki tukuna, kamar ina magana da mutum, kafin in sa musu murya. Ita ta ce mini haka ake yi. Yaya Danladi, da girmamawa, wanda ya iya wannan ya wuce a ce "yana taimakawa a coci".

Danladi: Malam, ban ce tana taimakawa ba ne kawai. Na ce kalmar ce ba ta dace ba.

Ladi: Ni abin da ke ci mini rai ya wuce kalma. Inna Asabe tana cikin wannan zauren, ta faɗa mana gaskiya. Ba a ba Mama damar tafiya karatun kiɗa ba? Ba Sista ce ta nema mata gurbi ba? Me ya hana? Aure. Aka ɗauki yarinyar da ke karanta kiɗa da ido kamar wasiƙa, aka zaunar da ita wanki da dafuwa na mutum tara. Ikilisiyar ma da muke yabo, ta ci moriyarta shekara 41 ba ko takardar godiya. Kuma ku binciki tarihi: a 1903 Fafaroma Piyus na 10 ya fitar da doka kan kiɗan ibada wadda ta ce mata ba za su shiga ƙungiyar mawaƙan majami'a ba, in ana son siririyar murya a nemi yara maza. Sai a 1955 Piyus na 12 ya sassauta. Karatu da hidimar bagadi a matsayin aikin da aka naɗa mutum a kai, sai 2021 Fafaroma Faransis ya buɗe wa mata. Ni 'yar Katolika ce, zan mutu a haka, amma ba zan yi kamar ban san wannan ba. Yanzu kuma mu 'ya'yanta mu ƙarasa share sunanta daga aikinta da hannunmu?

Maman Biyu: Anti Ladi, a yi haƙuri, a sassauta. Makoki muke.

Ladi: Shekara ɗaya ke nan ina sassautawa.

Inna Asabe: Jikata ce ke rubuta mini, ni ke faɗa. Ladi, 'yata, kin kira sunana, ga ni.

Gaskiya ne an nema wa Yayata, mahaifiyarku, gurbi. Ina ɗakin ranar da takardar ta zo. Ta karanta ta sau ba adadi, ta sa ta cikin littafin addu'arta. Amma ba kamar yadda kika ɗauka abin ya kasance ba. Ba wanda ya ɗaure ta. A shekarar mahaifiyarmu ta kwanta ciwo, mu ƙanne huɗu ne a ƙasa, ni ce ƙarama. Babanku kuma ya riga ya yi magana, kuma tana son sa, wannan kada ku yi shakka. Ta yi kwana tara tana addu'a, a na goma ta je da ƙafarta ta gaya wa Sista ba za ta ba. Ta dawo ta shiga bayan ɗaki ta yi kuka mai yawa. Ni na kai mata ruwa.

Saboda haka in kin ce ba ta so tafiya ba, kin yi mata ƙarya. In kin ce tilasta mata aka yi, nan ma kin yi mata ƙarya. Ta so abu biyu, hannunta ya ɗauki ɗaya. Bayan shekaru, lokacin ina da aure, na tambaye ta ko tana da-na-sani. Ta ce wasu ranaku e, wasu ranaku a'a, kuma ta daina ƙirga wanne ya fi yawa. Takardar nan kuwa ba ta yar ba. Talatu, ki duba bangon baya na littafin addu'arta mai baƙin bango.

Talatu (Auta): Inna, tana nan. Na ciro ta yanzu. Ta yi laushi kamar tsumma, an ninka ta huɗu. Ban san me zan ce ba.

Ladi: Inna, ki gafarce ni in na yi kaushi. Ban taɓa jin ta haka ba. Amma kin ga ai ta ajiye ta. Mutum ba ya ajiye takarda sama da shekara hamsin in abin bai dame shi ba.

Inna Asabe: Ya dame ta. Haka kuma cibiyoyinku da haƙoranku na fari, su ma ta ajiye a gwangwani ɗaya. Ki ƙirga wannan ma.

Sista: Salama. Na yi shiru ina karantawa, domin ni 'yar ɗakinta ce kafin in zama 'yar kowa. Ladi, abubuwan da kika kawo na tarihi haka suke, kuma ba laifi ba ne a faɗe su. Abin da nake so in ƙara shi ne, kada garin kare kiɗanta mu rena gidan da ta riƙe, kamar shi ne asarar, kiɗan ne ribar. Taron Batikan ɗin nan da Baba Katikis ya ambata ya kira iyali ikilisiya ta cikin gida. Fafaroma Yohanna Bulus na 2, a wasiƙarsa kan iyali ta 1981, ya ce dole al'umma ta san darajar aikin da mace ke yi a gida. A 2015 aka ɗaga iyayen Waliyyiya Tereza ƙarama, Luwi da Zeli Martin, zuwa matsayin waliyyai a rana ɗaya. Zeli ta haifi tara, ta binne huɗu suna ƙanana, kuma tana da sana'arta ta saƙar leshi da ma'aikata a ƙarƙashinta. Ba wanda ya ce sai an zaɓi ɗaya kafin a ba da labarinta.

A gidan Mama na fara ganin addu'a da aiki suna tafiya tare ba wanda ya ture wani. Ƙarfe sha biyu na rana tana tsakiyar wanki, sai ta tsame hannu, kumfa na ɗiga, ta fara addu'ar Mala'ikan Ubangiji, duk yaron da ke kusa dole ya amsa. Ta gama ta koma kan wankinta. Da aka ƙara Asiran Haske a Rozari a 2002, asiran da ake bimbini a kansu suka tashi daga 15 zuwa 20, ta ba wa hamsin baya, amma ta rubuta su a takarda ta manna a jikin ƙofar madafa har suka zauna mata. Ran Alhamis ba ta kuskure su.

Danjuma (jika): Ni abin da na fi tunawa shi ne Makon Tsarki. Daga waƙar Ɗaukaka ta daren Alhamis, kiɗa da ƙararrawa suna yin shiru a majami'a har sai daren Ista. Kaka har a gida take yi. Tana dawowa za ta ɗauko farin zane ta rufe hamoniyom ɗin falo. Ina ɗan shekara takwas na ɗaga zanen ran Juma'a na danna guda ɗaya. Ba ta doke ni ba. Ta zaunar da ni ta ce, "Yau Ubangiji yana kabari, wa kake yi wa kiɗa?" Daren Asabar kuwa, da aka kai Ɗaukaka, aka kunna fitilu, ƙararrawa ta ɗauka, ina tsaye kusa da ita na ga yadda ta buɗe kiɗan gaba ɗaya, hawaye na zuba tana murmushi. Ranar na ce ina so in koya.

Jummai: Na daɗe ina rubutawa ina gogewa. Ba 'yar gidan ba ce ni, kuma in maganata ba ta dace ba, mai kula da zaure ya cire. Amma na ga ana ta yabo, kuma ina ganin Mama da kanta ba za ta so a mai da ita wadda ba ita ba.

Ina da shekara 16 na shiga mawaƙa. Muna gwajin waƙoƙin Kirsimeti, na yi ta ficewa daga murya. A gaban kowa ta ce mini in ban iya ji ba, in riƙa motsa baki kawai kada in ɓata wa sauran. Aka yi dariya. Na fita ban sake komawa ba. Shekara tara ban buɗe baki na yi waƙa a majami'a ba, ko amsa Zabura. Har canja Misa na yi don kada mu haɗu. Ina faɗa ne don wannan ma ya faru.

Danladi: Jummai, ba za a cire ba. A madadin gidanmu ina ba ki haƙuri. Mama tana da zafi, musamman a kan kiɗa, mu ma mun sha.

Malam Tanko: Ina wurin ranar. Ina cikin waɗanda suka yi dariya. Ki yafe mini, ƙanwata.

Jummai: Na yafe tuntuni, Malam. Ban ƙarasa ba ne, hannuna ke rawa. Ranar da za a yi wa ɗana na fari baftisma, da safe sai ga Mama a ƙofarmu. Ban gayyace ta ba. Ta ƙi zama. Ta ce ta je furta zunubi a cikin Azumi, maganar nan ta taso mata, kuma ta ga gafarar Allah ba ta ɗauke mata zuwa wurina ba. Tsohuwa sa'ar uwata ta durƙusa a tsakar gidanmu. Na ruɗe na kama ta ina cewa ta tashi. Ta ce ba muryata ce ba ta da kyau ba, ita ce ta sa ni a muryar sama alhali tawa ta tsakiya ce, kuma laifin malami ne. Daga baya ta riƙa kirana gida ran Talata da yamma, mu biyu, har na iya. Yau shekarata 12 a muryar tsakiya. Duka biyun nake so a tuna, wadda ta kore ni da wadda ta zo ƙofata.

Ladi: Jummai, kin sa ni kuka a wurin aiki. Mu ba mu taɓa sanin dalilin zuwanki ran Talata ba. Ca muke yi ɗinki take koya miki.

Baba Katikis: Wannan ya kawo ni kan wani abu, Talatu. Kin ce mini kin ji zafi da Fada ya ce ba za a yi jawabin yabo a cikin Misa ba, sai bayan an gama. Kada ki riƙe shi a rai. Ƙa'idar littafin Misa ce, ko a jana'iza wa'azi ake yi, ba yabon mamaci ba. Dalilin kuwa shi ne, muna taruwa ne mu roƙa mata jinƙai. In muka riga muka yanke cewa ba ta da sauran bukata, wa zai yi mata addu'a? Waliyyiya Monika, da za ta rasu a Ostiya a shekara ta 387, ta gaya wa 'ya'yanta kada su damu da inda za su binne ta, abu ɗaya ta roƙa, su riƙa tunawa da ita a bagadin Ubangiji. Ɗanta Agustin da ta yi shekaru tana zubar wa hawaye shi ya rubuta mana wannan, kuma bai ɓoye raunin uwarsa ba. Mahaifiyarku kowace ranar 2 ga Nuwamba tana zuwa da jerin sunayen matattu a takarda, har da na waɗanda ba su da kowa. Yanzu nata ya shiga jerin.

Talatu (Auta): Na ji, Baba. Na huce. Za mu yi maganganun a waje bayan Misa. Jummai, in za ki iya, ina so ki faɗi naki da bakinki ranar.

Jummai: Zan gwada. In na kasa, Malam Tanko ya ƙarasa.

Ladi: To mu koma kan layin. Yaya, har yanzu kana kan bakanka?

Danjuma (jika): Kafin Kawu ya amsa, ina da tambaya. Hamoniyom ɗin fa? Na buɗe bayansa watan jiya. Zugazugin ya tsage a gefe ɗaya, shi ya sa yake huci in an taka. Harsunan tagulla na ciki guda uku sun yi shiru, ina jin ƙura ce ko tsatsa, don irin wannan kayan iska ce ke kaɗa harshen ya yi sauti, ƙwayar datti ɗaya ta isa ta hana shi. Katakon lafiya lau. Na ji ana cewa a bayar da shi tunda akwai na lantarki a majami'a yanzu. Don Allah kada a bayar. Ni zan nemi mai gyara.

Danladi: Ba mai bayar da shi. Ni na ce a bar shi inda yake.

Ladi, Auta, bari in faɗa muku abin da ban faɗa ba. Kun san a shekarunta na ƙarshe a kan kiɗa gwiwoyinta sun ƙi. Yatsu suna iyawa, amma ƙafa ba ta iya taka matakan iska. Lahadi biyu ta zauna a cikin jama'a, wani yaro yana kiɗa, na ga hannunta yana motsi a kan cinyarta. A ta uku na ce ta koma kujerarta. Na cire babbar rigata, na tsuguna a ƙasan hamoniyom ina danna matakan da hannu biyu. Ina da 'ya'ya huɗu a lokacin. Wata bakwai muna haka, ni a ƙasa ita a sama. In na yi sauri sai ta taɓa kafaɗata da gwiwa, in na yi sanyi ta yi gyaran murya. A ƙasan nan na gane cewa numfashin waƙar gaba ɗaya lissafi ne, ta san inda jama'a za su ja iska tun kafin su ja.

Ranar da ta yi na ƙarshe, idin Waliyyiya Sisiliya ne, 22 ga Nuwamba, mawaƙa sun nemi a yi musu Misa. Da aka gama ta rufe murfin da kanta, ta ce mini, "Babana, tashi haka nan, ya isa." Muna hanyar gida ba ta ce komai ba.

Abin da ya sa na ƙi kalmar nan, na faɗa muku rabi ne. Ɗaya rabin shi ne, duk lokacin da na tuna kiɗanta, wannan ranar nake gani, kuma ban so in buɗe littafi a gaban mutane in gan ta a shafin farko. Na fi iya ɗaukar "uwa". Wannan damuwata ce ni kaɗai, bai kamata in ɗora wa littafin ba.

Ladi: Yaya. Ina can nesa lokacin, labari kawai na ji, kuma ban taɓa yi maka godiya ba. Na gode. Ka yafe mini zafin bakina, gado ne.

Inna Asabe: Danladi, Allah ya yi maka albarka, ya ba ka masu yi maka. Ta gaya mini wannan da bakinta, ta ce ba ta san ta haifi namiji ba sai da ta gan shi a ƙasan kujera.

Sista: Ga shawara. Damuwar Yaya kan kalmar tana da tushe, ko da ba ita kaɗai ba ce. Me zai hana a faɗi aikin yadda yake, a bar laƙabi? A ce mai kiɗan majami'a, a sa shekarun.

Malam Tanko: A ƙara da "mai tsara waƙa". Cikin waɗanda muke rerawa har yau, na san aƙalla shida da ita ta daidaita su, kuma ba wanda ya san haka a cikin yaran yanzu. Suna ɗauka daga sama suka faɗo.

Danladi: Na yarda. Auta, rubuta: "Uwa, mai riƙon gida, mai kiɗan majami'a da tsara waƙa shekara 41. Ku yi mata addu'a." A cire "baiwar Allah" in wuri bai isa ba, wanda ya karanta sauran zai gane.

Ladi: Kada a cire. A rage girman rubutun.

Talatu (Auta): Ya shiga duka, na gwada. Zan kai wa mai bugawa gobe. Littattafan kuma, Danjuma ya zo ran Asabar mu ɗauki hoton kowane shafi kafin takardun su ƙarasa lalacewa, Malam Tanko ya duba mana waɗanda ba a taɓa rerawa ba. Amma akwai matsala ɗaya. A littafi na bakwai akwai waƙar Maryamu, wadda ta yi a gidan Alisabatu cikin Luka sura 1. Mama ta rubuta muryar sama da ta ƙasa har ƙarshe, amma muryar tsakiya ta tsaya a baiti na uku, shafin gaba an yage shi. Ita nake so a rera bayan karɓar Jikin Almasihu. Akwai wanda ya san sauran?

Malam Tanko: Ban taɓa jin ta ba. Zan iya ƙirƙira wani abu ya zauna, amma ba zai zama nata ba.

Jummai: Baiti na uku ne ya ƙare da m, r, d, sannan ya koma t a ƙasa?

Talatu (Auta): E. Haka yake daidai. Yaya aka yi kika sani?

Jummai: Da ita ta koya mini ran Talata. Ta yage shafin ta ba ni in je in yi ta gwadawa a gida. Yana cikin Littafi Mai Tsarkina. Ƙarfe nawa za ku fara ran Asabar?